Tsawon Tunawa

Ƙarfe ɗayan dare a Tudun Wada,
an ɗauke wuta, batirin kwamfuta saura kashi talatin,
daga ni sai lissafin da ke koyon saurare.

Malama Rifkatu ta faɗa mana a aji:
ɗaki ba ya mayar da magana yadda aka ba shi.
Bango yakan riƙe ta na ɗan lokaci,
rufin kwano ya lanƙwasa ta,
ta dawo a makare kamar biyan bashi.
Aikin mataci ya san wannan makarar,
ya zana amsa-kuwwa tun ba ta iso ba,
ya ɗebe ta, a bar murya tsurarta.

To nawa zai tuna daga abin da ya wuce?
Nan fa gizo ke saƙar.

Na ba shi gurbi talatin da biyu.
Ya yi zafin nama, ya kama da wuri,
sai dai wutsiyar amsa-kuwwa ta fi hannunsa tsawo,
ta sulale ta ƙarƙashin ƙofa.
Na ba shi dubu.
Ya zauna lalube kamar mai neman allura a ruwa,
kowane gurbin da ba shi da aikin yi
ya kwaso tasa hayaniyar ya zuba a tukunya.

Sai na koya masa tambaya guda
da zai riƙa yi wa kansa bayan kowane numfashi:
in na sauke takwas ɗin ƙarshe, kuskurena zai ƙaru?
In bai ƙaru ba, ya sauke.
In ya ƙaru, ya nemo wasu takwas.
Ba da garaje ba,
kada tarin mutum ɗaya ya sa shi rushe gini.

Muryar gwajin ta Baba Tanimu ce.
Shekara ashirin da biyu a masaƙar Kakuri.
Injuna sun yi shiru tuntuni, ciyawa ta cinye haraba,
amma kunnensa na hagu bai sami labari ba,
har yau yana jin su.
In na kira shi a waya, muryarsa ta dawo masa,
sai ya ce, wane mara kunya ne ke kwaikwayona?

Na ɗauke shi a zaure yana ƙirga ɗaya zuwa goma:
mataci ya tsaya a sittin da huɗu.
Na ɗauke shi a tsohon ɗakin saƙa,
bayan mun ba maigadi na goro,
inda kalma ke zuwa ƙarshen rumfa ta gaida tattabaru ta dawo:
ya miƙe, ya miƙe, har ɗari huɗu da takwas.
A bakin kogi, ƙarƙashin gada,
ya tsuke zuwa sha shida.
Ruwa ba ya mayar da komai.

A Keke Napep, muna dawowa, na ce,
Baba, ka riƙe lambar injinka,
ka riƙe sunan wanda ke kusa da kai, Yohanna mai gurguwar yatsa,
ya aka yi ba ka riƙe ranar da aka rufe ƙofa ba?
Ya kalli shagunan taya suna wucewa.
Ya ce, na auna ta, Asabe.
Da ita da babu ita, duk ɗaya nake ji.

Ban rubuta wannan a babi na huɗu ba.
Can jadawali ne, da layin kuskure
da ke gangarowa ya kwanta, yana ɗan rawa,
don ba ya taɓa zama cak:
ɗari huɗu, ɗari huɗu da takwas, ɗari huɗu.

Saura kashi huɗu.
A ɗaya ɗakin Baba ya yi tari, ya juya.
Na adana aikin.
Wani yaro da bai yi barci ba a layin baya
ya rigaye kowa ganin wuta ta dawo.